Fawa saflai na saba da katin girafik, na makale

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin wuta ku agaza min. Na sayi fawa saflai (akwatin da ke ba kwamfuta wuta) na saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, na hannu, mai wat 750, don na kwamfutata ya yi wa sabon katin girafik ɗina (katin da ke sarrafa hoto) kaɗan. Bolt 12 kawai yake fitarwa, sai na soka masa ɗan allon raba wuta mai ramukan fin 6 (fin su ne 'yan tsinkayen bakin waya), na ja waya biyu masu fin 8 zuwa katin, madabod (babban allon cikin kwamfuta) kuma na bar shi a kan tsohon fawa ɗinsa.

To matsalar ita ce in na fara kunna kwamfutar sannan na saban, sikirin baƙi ƙirin, in na fara kunna na saban kuma tana tashi lafiya lau amma da na ɗora wa katin aiki sai waya ɗaya ta ɗau zafi har na tsorata na kashe. Na gwada da mita, bolt 12 na nan daram.

Shin sirantar wayar ce, tunda fin 8 wat 150 aka tsara masa? Kuma dole sai na haɗa nagatif ɗin fawa biyun, ko haɗuwarsu ta cikin katin ta wadatar, tunda yana jan har wat 75 daga madabod? Ƙarar fankar na saban kam na haƙura da ita, katin ne ba na so ya ƙone.