Ɗana mai shekara 3 yana tsere mini a gidan namun daji

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara.

Yarana uku: 'yar shekara 6, ɗan shekara 3, da jaririya 'yar wata 8. Sau biyu ina kai su gidan namun daji ni kaɗai, sau biyun da ciwon kai na dawo. Na tsakiyan ne matsalar. Da ya hango kejin birai sai ya fizge hannu ya ruga, ko kirana ba ya ji. Zuwan ƙarshe har hannu ya zura ta tsakanin ƙarafunan kejin jimina kafin na cim masa, ni kuwa ga goyo ga jaka.

Na sa shi a keken yara, ya yi ta ihu yana banƙarewa. Na ce yayarsa ta riƙe shi, raƙumin dawa ya ɗauke mata hankali ta sake shi. Lambar wayata da na rubuta masa a hannu ma gumi ya goge ta kafin awa guda.

Na riga na yi musu alkawarin komawa mako mai zuwa, kuma ba mai raka ni. Wace dabara ce za ta sa ya tsaya kusa da ni ba sai na ɗaure shi a keke ba?