Rinin ƙulle a gida: me ya sa launi ke zuba, zanen kuma ba ya fita?

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu ilimin rini ce. Mai son yin rinin ƙulle a gida don nishaɗi, kamar zanen gado ko ɗankwali, wane awo zai bi wajen haɗa garin rini da soda (mai ƙunar nan ta haɗa sabulu) da haidiro (farin garin sinadarin da ke sa rini ya narke)? Matsala biyu ce ke yawan faruwa: launi ya zube a wankin farko, ko kuma a kwance ƙulli a tarar rini ya shige ko'ina, babu farin zane. Ina kuskuren yake?

Malam Na-Marina, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar awo, a fara duba yadin, don nan ne rabin rinin gida ke lalacewa. Wannan rinin na soda da haidiro auduga yake kamawa. Yadi mai roba a ciki ko kwana ya yi a bokiti, dishi-dishi zai fito. Gwajin ba wuya: a zaro zare ɗaya daga bakin yadin a kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Masu sayar da farin yadi a Kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna ba za su hana ki zare ɗaya ba. Sannan sabon yadi sitati ne jibge a jikinsa, dole a wanke shi da ruwan zafi da sabulu tukuna.

Awon yadi biyu: garin rini cokali 2, soda cokali 2, haidiro cokali 3, duka da babban cokali, ruwa lita 5. Soda ake zubawa cikin ruwan sanyi kofi ɗaya, ba a zuba ruwa a kan soda, domin da kanta take ɗaukar zafi har ta fantsama. A dama garin rinin daban da ruwan ɗumi har gudaji su mutu. A haɗa su cikin ruwa mai zafi amma wanda bai tafasa ba, haidiro shi ne na ƙarshe. A juya a hankali, a rufe, a ba shi minti 15.

Ga alamar da ba ta ƙarya: idan shuɗi ne, ruwan da ya nuna zai koma kore mai ratsin rawaya, sama kuma ya yi kumfa mai ƙyalli. In har ruwan yana nan shuɗi kamar yadda aka dama shi, bai nuna ba, kuma duk abin da aka tsoma a ciki launin a bayan zare zai zauna, wanki ɗaya ya tafi. Amsar tambayarki ta farko ke nan.

Bokitin roba da safar hannu ta roba, kuma a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Kada a kuskura a taɓa tukunyar dalma, soda cinye ta take. Yara su yi nisa.

Anti Larai, Barnawa:
Malam ya gama da haɗi, bari in ɗauki ƙulli. 'Yar'uwa, zaren ɗinki ba ya wannan aikin. Zaren buhu ko rafiya ake so, a naɗa sau 8 zuwa 10 a wuri ɗaya, a ja har yatsa ya yi ja. In farce zai iya shiga ƙarƙashin ƙullin, rini ma zai shiga.

Abin da aka fi mantawa: bayan an gama ƙullin a jiƙa yadin cikin ruwa zalla na minti 10, a matse. Busasshen yadi kamar lagwani yake, zuƙo rinin zai yi har cikin ƙullin. Jiƙaƙƙe kuwa ruwa ya riga ya cika wurin.

Zane kuma ya danganta da hannu. Tsakuwa ko ƙwallon dabino a ɗaure a ciki yana ba da zobe. Ninki kamar mafici sannan a ɗaɗɗaure yana ba da layi-layi. In launi biyu ne, mai haske ake farawa da shi, a ƙara ƙulli, sannan mai duhu. Kuma kada a kwance sai an ɗauraye har ruwan ya fara washewa.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. To gishiri fa? Ana cewa shi ke riƙe launi.

Malam Na-Marina:
Gishiri na wani nau'in rini ne daban, Hajiya, a wannan ba ya riƙe komai. Iska ce ke ɗaure shi. Haidiro yana sa rinin ya narke ya shiga zare, iska ta mayar da shi yadda ruwa ba ya narkar da shi. Hikimar ke nan da ake yi da baba (ganyen da ke ba da shuɗin rini) da toka a marinar Ƙofar Mata ta Kano, sai dai su kwanaki suke jira ramin ya nuna, mu haidiro ya taƙaita mana. Don haka a tsoma minti 15 yadin na nutse gaba ɗaya, ana juyawa ba tare da tayar da kumfa ba, a fitar a baza a inuwa minti 20. Ki ga kore yana rikiɗa shuɗi a gabanki, wannan shi ne daɗin abin. Mai son duhu ya maimaita tsomi sau 3, ya fi a labta garin rini. Daga nan wanki da sabulu da ruwan zafi, a fitar da rarar da ba ta kama ba.

Baban Sadik, Kakuri:
Ƙarin bayani ɗaya kan haidiro. Danshi ne ajalinsa, ga daminar Kaduna da tsawo. Mai kyau gari ne fari mai warwara, wanda ya dunƙule ko ya yi rawaya ƙarfinsa ya tafi, ko cokali 10 aka zuba ruwan ba zai juya ba. A sayi kaɗan, a ajiye a roba mai murfi. Haɗin da ya kwana ma haka, a yi na rana ɗaya kawai. Ragowar ruwan kuma a barshi ya sha iska, a ƙara masa ruwa mai yawa kafin a zubar, nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.