Me za a saka mata a jaka zuwa Manchesta?

Auta: Assalamu alaikum jama'ar gida, shawara nake nema. Aminiyata da ke karatu a Manchesta za ta cika shekara 30 wata mai kamawa, kuma wannan ne karo na farko da ranar za ta same ta ba a Jos ba. Tana so ta tara 'yan uwanmu ɗalibai da abokan karatunta Turawa biyu ko uku, a ci abincin gida. Mijin yayarta zai tashi daga Abuja, ya ce ya bar mana kilo 10 a jakarsa. Me zan sayo?

Amarya: Wa alaikumus salam. Kilishi da dambun nama, ai ba sai an faɗa ba. A ƙara da man shanu.

Hajiya Babba: A'a Amarya, kar a jefa bawan Allah cikin matsala. Dokar Ingila ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama kowane iri, ɗanye ko busasshe, haka ma madara da dangoginta. Kilishi, dambu, man shanu duk suna ciki, in kwastan suka gani ƙwacewa za su yi. Dankalin turawa da ɗanyen kayan lambu ma a bar su a nan. Busasshen kifi an yarda da shi, zuma kuma har kilo 2.

Amarya: Ikon Allah! To ai ina jin mutane na wucewa da shi.

Hajiya Babba: Wanda ya wuce sa'a ya ci. Ni ba zan ba mutum amana in kuma ɗora masa fargaba ba.

Malama: Auta, 'yar Jos ce fa, acha za ki fara sa wa. Shinkafa da taliya tana samu a kowane kanti, amma gwaten acha shi zai tuna mata gida. Ki shiga kasuwar Katako ki auni mudu biyu. Kar ki tura mata shi yadda kika sayo, don achar kasuwa ba ta rasa yashi. Ki wanke a ƙwarya, ki riƙa regewa a hankali kina juyewa cikin wata har yashin ya kwanta a ƙasa, ki maimaita har ki daina jin ƙaras-ƙaras in kin murza da yatsa. Sai ki shanya a faranti ta bushe ƙayau. In da sauran danshi kika ƙulle a leda, kafin ta isa ta yi wari.

Auta: Na gode Malama. Amma yakuwa fa? Gwate ba yakuwa ai bai cika ba.

Uwar Biyu: Wannan ba damuwa. Lokacin da muke Birmingham a shagunan Indiyawa nake samu, ta tambayi gongura, ita ce yakuwarmu da tsaminta. Alayyahu kuwa ko'ina akwai. Ta nemi ƙashi mai guringuntsi wajen mahautan halal, Manchesta cike take da su, musamman Rusholme da Cheetham Hill. Abin da ba za ta samu mai kyau ba shi ne daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da kanwa. Daddawar a daka ta, a naɗe leda uku a sa a roba mai murfi, in ba haka ba rigunan mutumin duk za su ɗauka.

Kawu: Ku mata kun tsaya kan gwate, baƙi kuwa nama za su fara nema. A tura yajin tsire mai kyau da garin ƙuli-ƙuli. Ta sa mahauci ya yanka mata cinyar sa fale-fale, ta shafa mai da yaji, ta soke a tsinke ta gasa a oben. Albasa da tumatir a gefe, shi ke nan.

Uwar Biyu: Kawu ka tuna min abu mai muhimmanci. Ta tambayi Turawan nan tun kafin ranar ko akwai wanda jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa. A can ba abin wasa ba ne, kaɗan ma kan toshe wa mutum numfashi. Yajinmu kuwa kusan rabinsa ƙuli ne. In akwai, ta gasa masa nasa daban da citta da barkono da gishiri, a wani farantin.

Amarya: To masa fa? Ni taron da ba masa ban ga taro ba.

Uwar Biyu: Ana yi sarai. Tandar ƙasa ba za ta kai lafiya ba, amma Indiyawa na da kasko mai ramuka da suke suyar wainarsu, yana aiki. Ta sayi shinkafa mai gajeren ƙwaya, ita ce ta fi kusa da ta tuwo. Matsalar sanyi ce, ƙullu ba ya tashi da wuri, sai ta ajiye shi kusa da hita tun dare. Ta buɗe taga lokacin suya, don na'urar hayaƙin da ke silin ɗinsu ba ta da haƙuri.

Hajiya Babba: Abin sha kuma zoɓo da tsamiya, ba su da nauyi. Sannan ki ce mata kafin a buɗe kula a yi wa iyayenta addu'a, a kuma zuba wa maƙwabta. Shekara 30 cikin lafiya abin godiya ne.

Auta: In sha Allahu Hajiya, ita ma abin da ta ce ke nan. To acha, daddawa, kuka, kuɓewa, kanwa, yaji, ƙuli, zoɓo, tsamiya, busasshen kifi. In kilo ya rage zan ƙara garin ɗanwake.

Malama: Ki rubuta sunan kowane ƙulli a jiki da Turanci, saboda masu bincike. Gobe ƙarfe goma ki same ni a bakin Katako, akwai matar da nake sayen acha wajenta, tata ba ta cika yashi ba.