Gilashi ɗaya mai zuƙowa ko ƙanana biyu? Ina neman shawara kan Micro Four Thirds

Maman Tagwaye:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka min da shawara.

Shekara guda ke nan da yayana ya bar min kyamara Olympus E-M10 Mark II, mai tsarin Micro Four Thirds, tare da ɗan siririn gilashin nan 14-42mm EZ. Ina son ta sosai, don tana shiga jakar yara tsakanin kunzugu da gorar ruwa ba tare da na ji nauyinta ba. Da rana a waje ba ni da ƙorafi. Matsalata cikin ɗaki ce bayan faɗuwar rana. Tagwayena sun shiga shekara biyu, ba sa zama wuri ɗaya. Shekaranjiya macen ta ɗauko takalmin babanta ta zura ƙafa ɗaya, ɗan'uwanta na riƙe mata kafaɗa yana dariya. Na ɗauki hoto ya kai goma sha biyar. Kujera ta fito tas, labule ya fito har ana ganin zarensa, amma fuskokinsu kamar an shafa da hannu. Abin ya yi min ciwo, don wannan lokacin ba zai dawo ba.

Na tara ɗan abin da na tara, kuma hanya biyu nake dubawa. Ko dai in sayi Olympus 12-40mm f/2.8 in huta, ko in sayi ƙanana biyu marasa zuƙowa: 45mm f/1.8 da kowa ke yabo, da kuma ɗaya daga cikin 17mm f/1.8, 25mm f/1.8 ko Panasonic 20mm f/1.7. Wanne ya fi dacewa da ni? Kuma me ya sa abin hana rawar hannu da ke cikin kyamarar bai cece ni ba?

Tsohon Mai Hoto:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya miki su.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don a nan amsar take. Kin ce kujera ta fito tas. To abin hana rawar hannun ya yi aikinsa ke nan. Shi sensar kyamara, wato ɗan farantin da ke karɓar haske ya zama hoto, yake motsawa don ya rama girgizar hannunki, ba shi da iko da yaron da ke tsalle. Kyamara ta ga haske ya yi ƙaranci, sai ta bar ƙofarta a buɗe na tsawon kashi ɗaya cikin 20 ko 30 na daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin kujera ba ta gusa ba, yaro kuwa ya juya kai ya dawo. Ɗan shekara biyu yana buƙatar 1/200 ko 1/250 kafin ki tsayar da shi.

Ga lissafin. Gilashinki idan kika zuƙo zuwa 42mm, bakinsa yana tsukewa zuwa f/5.6 (idan lambar bayan f/ ta ƙaru, bakin ya ƙara tsukewa ke nan, haske ya ragu). Mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na wannan. Mai f/1.8 kuwa kusan ninki goma. Wato inda yau kike samun 1/25, babban gilashin zai ba ki 1/100, ƙaramin zai ba ki kusan 1/250, a ISO ɗaya (ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske), ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya. 1/100 yana isar babba da ke zaune yana hira. Ba ya isar tagwaye.

Don haka ni dai ƙaramin gilashi mai f/1.8 zan ce miki. Amma kada ki fara da 45mm. Ina da shi, ina ƙaunarsa, da shi na ɗauki hoton jikata da ke rataye a ɗakina, wanda ake ganin gashin idonta ɗaya bayan ɗaya, bayanta kuma ya narke kamar hayaƙi. Sai dai a tsarin Micro Four Thirds ana ninka lambar milimita sau biyu idan ana kwatanta shi da kyamarar fim ta 35mm, don faɗin sensar 17.3mm ne kawai. 45mm ya zama kamar 90mm. Idan kika tsaya mita biyu daga yara, abin da zai shiga hotonki bai kai santimita 80 a faɗi ba. Yaro ɗaya daga ƙirji zuwa sama ke nan. Za ki ta ja da baya har bayanki ya taɓa bango, ɗan'uwan da ke riƙe da kafaɗa kuma yana waje. Da 25mm a wannan nisan za ki samu kusan mita ɗaya da santimita 40. Da 17mm kusan mita biyu: yara biyu, takalmin, har da ƙafar babansu idan yana kusa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai yara biyu ba. Idan aka buɗe baki zuwa f/1.8, zurfin wurin da ke fitowa sarai yana raguwa. A nisan mita ɗaya da rabi, 45mm zai ba ki kamar santimita 6, 25mm kamar 20, 17mm kamar 40. Idan ɗaya ya ɗan gusa gaban ɗaya, da 45mm dole ki zaɓi wanda zai fito. Uwa ba ta son wannan zaɓin.

Kafin ki kashe ko sisi, yi abu ɗaya. Buɗe hotunanki a kwamfuta, ki ware guda hamsin da kika fi so, ki duba bayanin kowanne. Kyamara tana rubuta milimita nawa kika ɗauka da shi. Ki ƙirga. Hannunki ya riga ya zaɓa miki tun shekara guda, ke ce ba ki tambaye shi ba.

Matafiyi:

Baba, da girmamawa, ina ganin ba a yi wa 12-40 adalci ba.

Shekara huɗu ina amfani da shi, kuma kusan ba ya sauka daga kan kyamarata. Daga 12mm zuwa 40mm bakinsa f/2.8 ne, ba ya tsukewa. An tsare shi daga ƙura da yayyafi. Yana matsowa kusa da abu har santimita 20 daga sensa, ka ɗauki fure ko ƙwaro ba tare da ka nemi wani gilashi ba. Kuma Hajiya tana da yara biyu a hannu. Yaushe za ta samu sararin kwance wannan ta ɗaura wancan, tana neman inda ta ajiye murfi? Kafin ta gama an wuce wurin.

Na yarda da lissafin haske. Amma tana iya ɗaga ISO zuwa 3200, hoto ya ɗan yi yashi-yashi, kuma wallahi hoton yaro mai ɗan yashi ya fi hoton da ba a ɗauka ba.

Abin da ba zan ɓoye ba shi ne nauyi. Giram 382 ne. Kyamararki da batir da kati giram 390 ce, kin ga gilashin ya kusa kai ta. E-M10 ba ta da babban mariƙi, to hancinta zai riƙa rinjaya ƙasa idan kin rataya ta a wuya. Ni a kan E-M1, babbar yayarta mai babban mariƙi, nake ɗaura shi. Sannan ita E-M10 ba a tsare ta daga ruwa ba, don haka kariyar gilashin rabi ce a wurinki.

Mai Furanni:

Sannu 'yar'uwa. Nawa yaran sun girma, amma na bi ta inda kike.

Ɗan'uwa Matafiyi ya faɗi gaskiya kan nauyi, sai dai a ganina bai ba shi girman da ya kamata ba. Na taɓa riƙe babban gilashi irin wannan na tsawon wata shida. Hotunansa ba su da aibi. Amma da na duba daga baya, sai na ga watannin nan su ne na fi ƙarancin hotunan yarana a cikinsu. Jaka ta daina rufuwa, sai na fara barin kyamarar a kan kabad ina cewa waya ta isa. 17mm f/1.8 giram 120 ne, 45mm giram 116. Su biyun a haɗe ba su kai kashi biyu cikin uku na 12-40 ba.

Kan Panasonic 20mm f/1.7: hotonsa yana da kaifi ƙwarai, siriri ne kuma, kyamara ta shiga aljihun riga da shi. Amma yadda aka ƙera shi, dukan jerin gilasan ciki ne ke tafiya gaba da baya yayin saiti, wato daidaita hoto ya fito sarai, don haka bai kai 17mm ko 25mm saurin kama fuska ba, kuma ana jin ɗan ƙararsa a bidiyo. Don tituna da gine-gine da manya masu zama, madalla. Don masu gudu, zan bar shi.

Tunda kin ambaci Panasonic: su da Olympus ne suka kafa tsarin tare a 2008, gilashin kowanne yana hawa kan kyamarar ɗayan, saiti yana aiki. Wasu ƙananan abubuwa ne ba sa tsallakawa. Zoben sarrafa baki da ke jikin 15mm f/1.7 na Panasonic ba ya aiki a kan Olympus, sai ki juya daga jikin kyamara. Haka haɗa hana rawar gilashi da ta kyamara su yi aiki tare, sai idan kamfani ɗaya ne. Idan kuma kin ga an rubuta OM System maimakon Olympus kada ki rikice, sashen kyamarorinsu ne ya koma wani kamfani a farkon 2021, mazaunin gilashin bai canza ba.

In na hannu za ki saya, ki tabbata an rubuta Micro Four Thirds, ba Four Thirds kawai ba. Na biyun tsohon tsari ne na kyamarori masu madubi, ba ya hawa sai da mahaɗi, kuma saitinsa kan yi jinkiri a kan irin taki. Ki cire murafen biyu, ki haska fitilar waya ta baya, ki leƙa ta gaba. Ƙura kaɗan ba komai. Idan kin ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ko farin hazo a ciki, fumfuna ce, ki mayar masa da kayansa.

Maman Tagwaye:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Baba, na yi abin da ka ce bayan sun yi barci. Na ware hamsin. Talatin da ɗaya tsakanin 14 da 18mm suke, goma sha biyu tsakanin 20 da 28, bakwai kawai a 42. Kuma bakwai ɗin nan duk a waje ne da rana, inda gilashin da nake da shi ba ya ba ni matsala. Na yi mamaki, don a raina na ɗauka ni mai zuƙowa ce. Ashe zama nake yi a ƙasa tare da su, suna zuwa har kan cinyata.

Malam Matafiyi, maganarka ta canza gilashi a tsakiyar wasa ta shige ni. Shi ya sa na fasa sayen biyu. Guda ɗaya zan saya, 17mm f/1.8, ya zauna a kai da yamma, 14-42 kuma ya ci gaba da aikin rana. Sauran kuɗin zan ajiye.

Tambaya ɗaya ta rage. A 14mm gilashina f/3.5 ne, ba f/5.6 ba. Ribar da zan samu ba ta ragu ba ke nan?

Tsohon Mai Hoto:

Ta ragu, kuma kin yi kyau da kika lura. Daga f/3.5 zuwa f/1.8 kusan ninki huɗu ne, ba goma ba. Inda kike samun 1/50 za ki samu kusan 1/200. Idan ɗakin ya fi haka duhu, ki bi shawarar Matafiyi ki bar ISO ya hau har 3200.

Ki juya maɓallin sama zuwa S, inda ke ce ke zaɓar saurin ƙofar kyamara, ki sa 1/200, ki bar ISO a hannun kyamara, ki kunna gane fuska. A irin wannan duhun ita da kanta za ta buɗe bakin gilashin har ƙarshe. Ki zauna ta yadda fitilar ɗakin za ta kasance a bayanki ko gefenki, hasken ya sauka kan fuskokinsu. Sannan da 17mm kada ki cusa kyamara dab da fuska, hanci zai fito ya fi girmansa. Ki bar kamar mita ɗaya tsakaninku.

Ki gwada wannan saitin yau da dare da 14-42 ɗin ma, ki tsayar da shi a 17mm kada ki taɓa zuƙowa. Hotunan za su yi duhu ko yashi, amma za ki ga ko faɗin ya ishe ki kafin ki biya.