Wa ya san sunan tsohon fim ɗin nan da hannun rigar mutum ya ɓarke?

Abba_Ƙofar Soro:
Salam jama'a. Don Allah ku taimaka min, wani fim ke ta min yawo a kai tun jiya na kasa tuno sunanshi. Ina yaro na kalle shi ɗakin kawu, Allah ji ƙanshi, mutum ne mai tarin kaset ɗin bidiyo cike da kwali. Abin da na riƙe dai baƙi da fari ne, wani saurayi na aiki kamfanin ƙera jiragen sama sai gobara ta tashi abokinshi ya ƙone aka ce shi ya sa wutar, ya yi ta gudu har da ankwa a hannu. Can ƙarshe ga wani mutum yana reto saman wani ƙaton gunki an riƙo shi ta hannun riga, zare na tsinkewa ɗai ɗai, daidai nan aka ɗauke wuta. Wallahi har yau ban san ko ya faɗo ba.

Hajjo_KT:
Wslm. Anya ba wanda jirgin feshin gona ke bin mutum cikin masara ba ne? Shi ma ai reto suka yi a ƙarshe

Malam Na Daura:
A'a 'yata, naki North by Northwest ne na 1959, mai kala ne, kuma su kan dutsen da aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka suka yi reto. Amma ba ki yi nisa ba, mutum guda ya yi su, Alfred Hitchcock.

Abba ɗana, Saboteur kake nema, na 1942. Ka kula wajen nema kar a ba ka Sabotage na 1936, shi ma nashi ne amma labari daban. Saboteur ɗin ya fito ne 'yan watanni bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, a Disambar 1941, lokacin Amurkawa kowa na zargin maƙwabcinshi da yi ma abokan gaba aiki, shi ya sa za ka ga manyan mugayen ciki ba 'yan daba ba ne, attajirai ne masu gidan gona da liyafa da jikoki, irin waɗanda ba mai kawo su a rai. Saurayin Robert Cummings ne, Barry Kane sunanshi a fim. Wani Fry ya miƙo mashi tukunyar kashe gobara ashe fetur aka ɗura ciki, shi kuma ta bi ta hannunshi zuwa ga abokin. Da ya ce ma 'yan sanda Fry ne, aka duba rajista babu mai wannan suna cikin ma'aikata. Daga Kalifoniya ya bi sawunshi har Niyu Yok, gunkin kuwa Statue of Liberty ne, matar nan mai ɗage da wuta a bakin teku.

Ni ba ma wurin gunkin ya fi tsaya min ba. Akwai inda ruwan sama ya koro shi gidan wani tsoho makaho, yana ta ɓoye hannu, tsohon ya ba shi abinci bai ce uffan ba alhali tun shigowa ya ji ƙarar ankwar. Da 'yar ɗan'uwanshi ta zo ta gani ta ruɗe, ya ce ta kai shi wurin maƙeri a yanke, ita ko ta kama hanyar 'yan sanda da shi. Ƙarshe da fankar injin motarta ya tsinke sarƙar. Maganar tsohon ta ɗan yi tsawo kamar huɗuba, na yarda, amma ni na yafe mashi.

Sani_Mai Waya:
Malam wurin makahon nan ya taɓa ni tun ban kalla ba. Shekarun baya ina yaron shago aka nemi wayar wani kwastoma aka rasa, kafin in buɗe baki an cika ƙofar shagon ana ɓarawo ɓarawo, wani ma ya riga ya shaƙe min wuyan riga, mutanen da muke sallah sahu ɗaya fa. Wata tsohuwa mai fura ce kawai ta ce ku kira lambar mana. Aka kira sai ga ta tana ƙara cikin aljihun babbar rigar mai ita. Ko haƙuri bai ba ni ba ya hau mashin ɗinshi. Ni dai da na samu hanya ranar nan gudu zan yi nima, masu cewa in kana da gaskiya me zai sa ka gudu ba su taɓa shiga tsakiyar taro ba

Tela_Ƙofar Ƙaura:
Ni na kalle shi kuma a matsayina na tela ina cewa laifin mai ɗinkin ne, kafaɗar kwat ɗin nan layi ɗaya aka bi ba a maimaita ba, irin ɗinkin daren sallah ne wlh 😂 Amma Malam ka lura wurin ba kiɗa ko kaɗan? Iska kawai da maganar su ƙasa ƙasa, kamara ta matso kan zaren yana buɗewa a hammata kamar ana farke buhu, ni da ke farke ɗinki kullum sai da na riƙe numfashi

Abba_Ƙofar Soro:
Allah saka da alheri Malam, shi ne wallahi, har makahon na tuno yanzu. To amma ba wanda ya ba ni amsa fa, ya faɗo ko bai faɗo ba?

Malam Na Daura:
Ya faɗo mana, hannun rigar kawai aka bar ma Barry a hannu. Fry ne mai reton, Barry ke ƙoƙarin ceto shi, ga shi kuma shi kaɗai ne shaidar da za ta wanke shi. Hitchcock daga baya ya ce kuskure ya yi, da jarumin ya rataye da 'yan kallo sun fi jin tsoro. Ni ban yarda da shi ba, ga ka nan shekaru nawa kana tambayar mugu. Wanda ya fito a Fry ɗin kuma, Norman Lloyd, sai 2021 ya rasu yana da shekara 106, ya riga ya binne darektan da jarumin duka.

Tela_Ƙofar Ƙaura:
Abba in ka samo kawo shago mu sa a waya, akwai yarana biyu da nake so su ga kafaɗar nan