Zinaren Zamfara: a bar ikonsa a Abuja ko a maido shi Gusau?

Ɗan Anka: Ni dai magana ɗaya nake yi kullum. Muddin a Abuja ake bayar da lasisin haƙar zinare, Zamfara ba za ta mori arzikinta ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai, dokar ma'adinai ta 2007 ta ƙara ɗaure maganar. Mutum yana zaune a ofis ya sa hannu a kan ramin da ko hanyarsa bai sani ba. A maido wa jiha ikonta.

Hajiya daga Gusau: Ƙanena, tuna 2010 tukuna. A ƙauyukan Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, yara fiye da 400 gubar dalma ta kashe. Maza su kwaso dutsen zinare mai haɗe da dalma daga rami su kawo gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙa cikin gari, a baza garin a tsakar gida inda ake shanyar hatsi, jarirai na rarrafe a cikin ƙurar suna kai hannu baki. Hana wannan ai ba ya bukatar lasisin Abuja. Lafiyar jama'a da tsaftar gari aikin jiha ne da ƙaramar hukuma, amma sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo kafin duniya ta ji. Wanda ya kasa riƙe ƙaramin nauyi, ta yaya za a ɗora masa babba?

Ɗan Anka: Gaskiya kika faɗa, Hajiya. Amma wa ya riƙe kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega har 2013? Tarayya ce. Yara na kwance, takarda na yawo a ma'aikatu.

Malam Lauya: Ku yi haƙuri in sa baki. Ba haka kawai jiha take zaune hannu rabbana ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filin jiha a hannun gwamna, abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne na tarayya. Dokar 2007 kuma ta tanadi kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha, da wakilan jihar a ciki. Kashi 13 cikin ɗari na kuɗin man fetur da jihohin da ake haƙo shi ke karɓa ma ya shafi ma'adinai, sai dai zinaren da ya fice ta daji ba ya shiga lissafin kowa.

Ɗan Anka: To Malam, haramcin haƙa da tarayya ta sa a Afrilun 2019 fa? Sai Disambar 2024 aka ɗage shi. Masu takarda suka tattara kayansu, ramukan suka koma hannun 'yan bindiga.

Hajiya daga Gusau: Haramcin bai yi amfani ba, na yarda da kai. Abin da nake tsoro shi ne lasisi ya zama abin rabo ga 'yan siyasa lokacin zaɓe. A 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara a Shikira ta jihar Neja, shekara biyar bayan tamu. Kamata ya yi jiha ta fara fitar da injin niƙan dutse daga cikin gari, ta riƙa gwada jinin yara a Anka da Bukkuyum a kai a kai. In ta yi wannan, ni ce farkon mai goya maka baya.

Malam Lauya: Ko da kun shirya, sai an gyara kundin tsarin mulki, kuma sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun amince.

Ɗan Anka: To a kai ƙudurin mana, Malam. Jihohin Neja da Filato da Nasarawa ai ciwonmu ɗaya da su.