Albashin Malami: Abin da Muhawarar Ta Haifar

A wata muhawara da aka yi kan albashin malami, an daɗe ana ja-in-ja kafin a cimma matsaya, domin wasu na ganin dogon hutu ya rage wa malami nauyi, don haka kada ya haɗa kansa da likita ko injiniya. Malaman da ke wurin ba su yarda ba. Suka ce a ƙirga awannin da ba a gani: duba takardun jarrabawa da dare, tsara darasin gobe, da zama da iyayen yaron da ya kasa gane karatu. A ganina sun fi gaskiya.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a riƙa auna albashin malami da na masu takardar shaida irin tasa a wasu ayyuka. Wannan ba sabon zance ba ne, yana cikin shawarwarin da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da su ranar 5 ga Oktoba, 1966. Rahotannin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, su ma sun sha nuna cewa a yawancin ƙasashenta malamai na samun ƙasa da takwarorinsu masu digiri.

An kuma nemi ƙarin girma ya riƙa zuwa a kan lokaci, a ware alawus ga masu koyarwa a ƙauyuka masu nisa, kuma ƙwararren malami ya samu ƙari ba sai ya bar aji ya koma ofis ba. Batun biya gwargwadon sakamakon ɗalibai kuwa bai samu goyon baya ba, saboda zai cuci mai koyar da yara saba'in a aji ɗaya.